Bashi in ƙarasa ɗakunan haya, ko in sayi tsohon gida a Mabera?

Ticha_Farfaru:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka riga ni shiga harkar gidan haya a garin nan na Sakkwato. Ina da fuloti a bayan Farfaru, wajen da ake ratsawa a fita Bado, tun 2016 na saye shi, katanga kawai na ja. Bana aka raba mana gado, na sayar da gonar da ta faɗo mini, na haɗa da ɗan abin da na tara, yanzu miliyan 17 ke hannuna. Magini ya yi mini lissafin ɗaki shida, kowanne da bayinsa da ɗan kicin, ya ce sai miliyan 25. A unguwar ana ba da irinsu dubu 250 a shekara. Ana cikin haka wani dillali ya kawo mini tsohon gida a Mabera, ciki da falo huɗu, da 'yan haya a ciki, miliyan 16. To in ci bashin miliyan 8 in yi ginin gaba ɗaya, ko in sayi na Mabera in fara karɓar haya?

Akanta_Minanata:
Wa alaikumus salam Malam. Mu fara da alƙalami. Ɗaki shida sau dubu 250, miliyan ɗaya da rabi ke nan a shekara, in duk sun cika kuma kowa ya biya. Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 a ƙarshen 2024, abin da bankunan kasuwanci ke ɗora wa ƙaramin mutum kuwa yana kewayen kashi 30. Kashi 30 na miliyan 8, miliyan 2 da dubu 400. Kuɗin ruwan kaɗai ya ɗara hayar gidan duka da dubu 900, ba a taɓa uwar kuɗi ba. Ga shi gini sai ya ci watanni kafin ɗan haya na farko ya shigo da katifarsa, banki kuwa tun watan farko yake fara cira. Ba gidan ne zai biya bashin ba, albashinka ne.

Baba_KofarRini:
Ɗana, wanga abu ba shi son dogon turanci. Mu da munka yi gini gabanku ba mu san ƙohwar banki ba. In kas samu na siminti buhu goma ka aza bulo, in ya ƙare ka tsaya. Hili ba shi ruɓewa. Kuɗɗin gado kuma ba a haɗa su da na ruwa, albarka ka gudu.

Abu_Sumayya:
Baba ya riga ni. Ko da lissafin Akanta ya nuna riba, bashi da ruwa haramun ne, babu saɓani a kai. Balle ga shi ma asara ya nuna. Allah ya tsare.

DanGawonNama:
Ai ba duk banki ke da ruwa ba. Jaiz tun 2012 yake aiki, TAJ ya zo a 2019. Suna yin murabaha: ka kawo lissafin siminti da rodi da kwano, su saya, su sayar maka da ribar da kuka yanke tun farko, ka riƙa biya wata-wata. Farashin ba ya motsi ko da kaya sun tashi a kasuwa. Akwai kuma wanda za ku haɗa jari ku mallaki gidan tare, kana biyan hayar kasonsu kana saye shi kaɗan-kaɗan har ya zama naka.

Akanta_Minanata:
@DanGawonNama ta fuskar halacci ka yi gaskiya. Ta fuskar aljihu kuwa, su ma 'yan kasuwa ne, a ƙasa ɗaya suke da sauran, ba za su sayar maka da ribar kashi 6 ba alhali gidan kashi 6 yake kawowa. Ya je ya tambaya, ya ce a rubuta masa jimillar abin da zai biya da na kowane wata, ya ajiye kusa da miliyan ɗaya da rabin nan ya gani.

Sakatare_Mai_Ritaya:
Ticha ma'aikaci ne, ana cire masa kashi 2.5 na asusun gidaje, NHF. Me ya hana ya nemi haƙƙinsa? Ruwan lamuninsu kashi 6 ne, kuma ana iya biya har shekara 30.

Barista_Arkilla:
Ranka ya daɗe Sakatare, lamunin NHF na gidan da mutum zai zauna ne da iyalinsa, ba na ɗakunan ɗalibai ba. Kuma sai da takardar mallaka ingantacciya. Ga kashi 6 ɗin ma Abu Sumayya zai ce ruwa ne. Ni abin da ya tsaya mini a rai gidan Mabera ne. Ticha, wa ke sayarwa, kuma wace takarda ke hannunsa?

Ticha_Farfaru:
Barista, gidan gado ne. Babban ɗan marigayin ne ke sayarwa. Takardar cinikin da mahaifinsu ya saya ce da shi, da hatimin mai unguwa na lokacin. Ya ce 'yan uwansa duk sun yarda.

Barista_Arkilla:
To nan ake yin ta. "Duk sun yarda" ba takarda ba ce. Babban ɗa ba shi da ikon sayar da kason ƙannensa, ko na matan uban, ko na 'ya'ya mata da ke gidajen aure. Abin da za ka nema shi ne takardar kotun da ta raba gadon, wadda ta lissafa magada ɗaya bayan ɗaya. In ba a kai kotu ba, a kai. Kowane magaji ya sa hannu da kansa, wanda ke nesa ya ba da wakilci a rubuce, in akwai marayu ƙanana alƙali ne zai ba waliyyinsu izini. Akwai kuma shuf'a: matuƙar gida bai rabu ba, in wani ya sayar da kasonsa ga bare, abokin tarayyarsa na da haƙƙin ya biya kuɗin ya karɓe. Sai ka gama fenti wani ya zo da kuɗinka a leda.

Na biyu, takardar mai unguwa shaida ce cewa an yi ciniki, ba ita ce mallaka ba. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasar birni a hannun gwamna, shi ke ba da takardar mallaka, galibi ta shekara 99, kuma in gida na da ita, sayarwa ko jingina sai da amincewarsa. Kafin ka ba da ko kafin alƙalami, a je ma'aikatar filaye da SOGIS, hukumar taswira da rajistar filaye ta jiha, a bincika ko wani ya riga ya yi rajistar wurin, ko an jinginar da shi, ko hanya za ta bi ta kai. Wannan har fulotinka na Farfaru ya shafa. Wace takarda gare ka a kansa?

Ticha_Farfaru:
Shi na gwamnati ne, akwai takardar ba da fili da lambarsa, satifiket ɗin ne ban kai ga karɓa ba.

Barista_Arkilla:
Madalla, ka fi wasu. Ka ware kuɗin bin satifiket da na amincewar zane daga hukumar tsara birane tun yanzu, ka biya kuɗin ƙasa da ya taru. Gara ka rasa ɗaki ɗaya da a zo a shafa maka jan fenti a katanga.

Maman_Ihsan:
Maganar Barista ta tuna mini da abin da ya sami maigidanmu. Ya sayi gidan gado a cikin gari, maza uku suka sa hannu, aka yi addu'a aka watse. Ya canja kwano, ya zuba tayil. Sai ga wata 'yar uwarsu da ke aure a Illela, ashe ba a ma gaya mata an sayar ba. Baiwar Allah ba ta yi faɗa ba, kotu ta tafi. Kuma gaskiyarta ce. Aka daɗe ana jeka-ka-dawo, 'yan haya suka samu dalili suka daina biya, wai ba su san wa za su ba ba. Ƙarshe sai da ya sake biyan kasonta da farashin ranar, waɗanda suka ci kuɗin farko kuwa kowa ya ce ya kashe.

Dillalin_RunjinSambo:
Kullum in an tashi magana sai a nuna dillali da yatsa. Mu haɗa mai saye da mai sayarwa muka yi, la'ada muke ci. Amma zan faɗi gaskiya ko ba ta yi wa sana'ata daɗi ba. Ciki da falo huɗu a Mabera miliyan 16, ko dai can ciki ne inda mota ba ta shiga, ko wurin da ruwa ke kwanciya, ko magada sun matsu. Duk ɗan garin nan ya san akwai sassan Mabera da damina ke wahalarwa. Malam, ka dubi gindin katangar gidan da ta maƙwabta. In ka ga layin danshi ya yi tsawon gwiwa, filasta na zuba kamar gari, ka san labari. Ka tambayi mai shagon bakin layi, kada ka tambayi mai sayarwa. Sannan 'yan hayan da ke ciki, nawa suke biya, yaushe suka biya na ƙarshe? Wani gidan za ka tarar an karɓi hayar shekara biyu gaba an cinye, kai ka gaji mutane ba kuɗi.

Yaro_Mai_Keke:
Dillali ya tona asirin dillalai, yau akwai taro a ƙungiya 😂

Injiniya_Bello_Way:
Bari in koma kan ginin, don ina ganin an kafa tambayar kamar hanya biyu ce kawai. Akwai ta uku. Da miliyan 17 ba dole ka yi shida ba. A zana shida, a zuba harsashin shida gaba ɗaya don kada gini ya zo yana rabuwa a mahaɗa, sannan a tayar da uku ko huɗu a ƙarasa su tsaf, har fenti da mita. Sauran su jira haya da adashi. Abin da ke kashe mutane shi ne su tayar da duka zuwa linta kuɗi su ƙare, kango ya shekara uku yana shan rana da ruwa, ɓarayi su zare waya, ba ko sisin haya.

Abubuwan da ba a yi musu rabi-rabi: sokawe, a haƙa na mutum shida tun farko. Rufi, a gama shi kafin ruwan Yuni, a ɗaure shi da kyau saboda iskar farkon damina. Katako a shafe shi da maganin gara. Ka ɗaga silin, ka sa tagogi su kalli juna, don ɗakin da ba ya shan iska a Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ɗan haya shekara ɗaya zai yi ya gudu. Rodi da kwano da tayil kana iya saye ka ajiye. Siminti kuwa kada ka tara fiye da na aikin da ke gabanka, yana daskarewa in ya daɗe. Kuma kada ka ce ai a Kalambaina ake yin sa, zai yi araha. Da buhu ya haura dubu 10 a 2024 mu ma nan mun ji a jikinmu. Lissafin magininka ma ka ƙara masa kashi 15 a zuciyarka, ban taɓa ganin ginin da ya tsaya inda aka ce ba.

Baba_KofarRini:
To ai abin da nic ce ke nan, shi ya sa mai turanci.

Hajiya_Mai_Gidaje:
Kowa na maganar gini, ba wanda ya yi maganar abin da ke zuwa bayan gini, alhali nan riba take ko asara. Tun rasuwar Alhaji ni ke riƙe da gidajen marayu, biyu a Arkilla ɗaya a Gidan Dare. Abin da na gani zan faɗa.

Wuta: kowane ɗaki da mitarsa mai kati. Gidan da muke da mita ɗaya, kowane ƙarshen wata sai an yi shari'a, wannan ya ce wancan na da hita, wancan ya ce wannan na da firiza. Wani ya tashi ya bar bashin wuta, bashin kuma ya zauna a kan mitar gidan. Ruwa: in ba ka da halin bohol, ka sa babban tanki a ƙasa da na sama, ka faɗa musu tun ranar shiga yadda za a riƙa haɗa kuɗin tanka ko na 'yan ga-ruwa. Yashe sokawe ma a rubuta wa zai biya.

Ina da littafi mai bango mai kauri, kowane ɗaki da shafinsa: ranar shiga, abin da ya biya, lambar rasit, sunan wanda ya tsaya masa. Ranar shiga jikana ke ɗaukar hoton ƙofa da famfo da soket da tayil, a tura wa ɗan hayan a WhatsApp, don ranar fita kada a ce haka na tarar. Ina karɓar kuɗin ajiya na ɓarna, kuma wallahi ina mayarwa in ba a ɓata komai ba. Daga kowace haya ina cire kashi 10 in sa a wani asusu daban, ba na taɓawa ko da biki ko suna. Shi ke gyaran kwano da fenti. Wanda bai yi haka ba, ranar da iska ta yaye rufi sai ya ci bashi.

Na ƙarshe, kuma shi ya fi wuya: dangi. Malam, ranar da ka gama ginin nan za ka ji ɗan wane ya samu gurbi a poli, ƙanen matarka zai yi aure bai samu wuri ba. In za ka taimaka, ka ba shi kuɗi ya kama a wani wuri. In ka ba shi makulli, ɗakin ya tafi, kuma ranar da ka ce ya tashi zumunci ya tafi.

Ticha_Farfaru:
Hajiya kamar kina gidanmu. Tun ban aza bulo ba an fara yi mini "Allah ya sa da mu a ciki".

Bako_Dan_Haya:
Ku yi haƙuri in sa baki, ni ɗan haya ne, ma'aikacin lafiya, aiki ya kawo ni Sakkwato. Masu gida ku ma ku ji naku. Mai gidana in lokacin karɓa ya yi har ƙofa yake zuwa da asuba, in famfo ya fashe kuwa wayarsa ba ta shiga. Bara ya ƙara haya ana saura sati biyu wa'adi ya cika. Irinmu da albashi ke shigo wa duk wata ba ma son tashi, kwashe kaya wahala ce. Wanda ya gyara mana abu a kan lokaci, ya sanar da ƙari da wuri, zai shekara biyar bai nemi sabon ɗan haya ba, bai biya dillali ba, ɗakinsa bai kwana a rufe ba. Ticha, in ka yi ginin da kyau ka sa ruwa, kada ka tsaya kan ɗalibai kawai. Ma'aikatan asibitin koyarwa da 'yan bautar ƙasa kullum suna neman irin wannan.

Hajiya_Mai_Gidaje:
Gaskiyarka ɗana. Ni wata uku kafin wa'adi nake aika takarda in zan ƙara.

Mai_Hostel_Kwalkwalawa:
Bako ya taɓo inda ke mini ciwo. Ɗakunan ɗalibai nake da su ta wajen jami'a. In karatu na tafiya, ba ka da matsala, tun kafin a dawo hutu an kama. Amma a 2022 da malaman jami'o'i suka yi yajin aikin wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ɗakuna na kulle da kayan yara a ciki. Wa'adi ya cika, ba ka iya fitar da kayan, ba ka iya sa wani, in ka kira uba ya ce yaron ai yana gida. Kafin nan ga 2020 da korona. Tsofaffin wurin kuma suna ba da labarin ambaliyar 2010 da ta yanke hanyar jami'a. Da a ce bashi na ci na yi ginin, da tuni an sayar da shi. Sannan ɗalibi ɗaya ke kama ɗaki, huɗu ke kwana. Ka rubuta adadin da aka yarda a takarda, ka samu wani dattijo a layin ya riƙa leƙawa.

Abin da ya fi ba ni kwanciyar hankali shaguna biyu ne da na fitar a gaba. Mai shago ba ya son ya rasa wurin da abokan cinikinsa suka sani, shi ke kawo kuɗi da kansa. Ticha, in fulotinka na bakin layi, ka sa Injiniya ya duba.

Injiniya_Bello_Way:
Shago ya fi ɗaki arhar gini nesa, ba bayi ba kicin ba tayil mai tsada. Amma a sa shi cikin zanen da za a kai hukuma, kada a fasa katanga daga baya a ci hanya.

Sani_Kasuwar_Daji:
Ɗan hayan da ya ƙi biya fa? Ni nawa wata bakwai ke nan. An ce in cire masa ƙofa.

Barista_Arkilla:
Kada ka kuskura. Ka cire ƙofa ko kwano ko ka yanke masa ruwa, kai mai gaskiya ka koma mai laifi, har diyya sai ka biya. In ba ku rubuta wani wa'adi ba, abin da aka saba a doka shi ne mai biyan shekara notis na wata shida, mai biyan wata-wata na wata ɗaya, bayan ya cika a ba shi na kwana bakwai, sannan kotu. Shi ya sa nake cewa a rubuta yarjejeniya, a sa wa'adin da ya fi gajarta in an so, kowa ya sa hannu da shaidu. Ka kawo takardunka a duba wane notis ya dace da shi, tun da akwai bashi.

Abu_Sumayya:
Rubutun nan ma ba na lauyoyi ba ne kaɗai. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Amma Malam Sani ka duba ta 280 ma, wadda ta ce a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci. Ka bincika, babu ce ta hana shi ko taurin kai. Hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Sani_Kasuwar_Daji:
Malam, mutumin da ya sayi sabon babur da sallah?

Yaro_Mai_Keke:
To wannan ƙuncin nasa mai taya biyu ne.

Akanta_Minanata:
Mu dawo kan Ticha. Zan faɗi abin da masu gidaje ba sa son ji. Miliyan ɗaya da rabi a kan miliyan 25 kashi 6 ne, ba a sa kuɗin fili ba, ba a cire gyara da watannin da ɗaki zai zauna ba kowa ba. Sukuk, wato takardar zuba jari ta tsarin Musulunci, na farko da gwamnatin tarayya ta fitar a 2017 kashi 16.47 ya riƙa biya a shekara, ba ruwa a ciki, ba ɗan haya, ba sokawe. In kuɗin shiga yake nema, gidan haya ba shi ne kan gaba ba.

Alhaji_Illela_Border:
Akanta, a nan na rabu da kai. Wanda ya sa miliyan ɗaya a takarda a 2017, miliyan ɗayan aka mayar masa da wa'adi ya cika. Ka tambaye shi buhun siminti nawa take saye a da, nawa take saye yanzu. A Disambar 2024 hauhawar farashi kashi 34.8 hukumar ƙididdiga ta ce. Gida kuwa farashinsa na bin siminti da rodi, haya ma ana ƙarawa. Ticha ya faɗa mana nawa ya sayi fulotinsa a 2016, nawa ake taya shi yau. Mu 'yan kasuwa ba don haya muke gina gida ba, don kuɗi su samu wurin ɓuya ne. Hayar ta cefane ce.

Akanta_Minanata:
Na yarda da rabin maganarka Alhaji. Amma ka lura, ƙasar ce ke tashi, ginin tsufa yake yi. Kuma ranar da ka matsu, gida ba ya sayuwa a sati ɗaya sai ka karya shi. Kada dai ya zuba duk abin da ya mallaka a bulo ya zauna ba na asibiti.

Ummu_Khalil:
Don Allah tambaya a gefe. Gidan haya ana fitar masa da zakka?

Abu_Sumayya:
Shi kansa gidan da aka gina don haya babu zakka a kan ƙimarsa. Kuɗin hayar ne, in sun taru, su kaɗai ko haɗe da sauran kuɗinki, suka kai nisabi, shekara ta zagayo, a fitar da kashi 2.5. Wanda ke sayen filaye don ya sayar kuwa hukuncinsa na kayan kasuwanci ne, kuma a mazhabar Malikiyya an bambanta mai jujjuyawa da mai ajiyewa yana jiran farashi, shi na biyun sai ya sayar yake fitar da ta shekara ɗaya. Nisabi na canjawa da farashin zinari, hukumar zakka da waƙafi ta jiha na sanarwa. Ticha ma ya lura, miliyan 17 ɗin nan in suka shekara a asusu yana shawara, zakka ta hau su.

Dan_Sakkwato_A_Abuja:
Ni abu ɗaya zan ƙara. Ticha yana gari, ya gode Allah. Ni turo kuɗi na riƙa yi ana turo mini hoto. Da na zo hutu na tarar hoton daga kusurwa ɗaya ake ɗaukarsa, bayan ginin ko linta bai kai ba. Kuma na gida ne, ba ka iya kai shi ko'ina. Ka sayi kayanka da kanka, ka biya magini kuɗin hannu mataki-mataki, in an tashi daga makaranta ka biya ta wurin ka ƙirga buhunan da aka buɗe.

Ticha_Farfaru:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Bashin banki dai na ajiye shi. Na kira dillalin na ce a kawo takardar rabon gado, ya ce wai sai an nemi wani ƙanensu da ke Legas, ban san yadda za ta kaya ba. Zuciyata ta fi karkata ga shawarar Injiniya, ɗaki uku da shago biyu, tun da fulotin na kallon layi. Akwai kuma ƙungiyar adashin malamai ta wurin aikinmu da ke ba da rance ba ruwa, sai dai ba ya wuce miliyan ɗaya da rabi kuma a shekara ake biya. Ƙanwata ma ta ce in ina so ta zuba nata kason gadon mu haɗa.

Barista_Arkilla:
In za ku haɗa da ƙanwarka, a rubuta kason kowa da kashi, a ƙiyasta kuɗin filin a sa cikin naka, a faɗi wa ke karɓar haya da yadda za a yi in ɗaya na son fita. Ku biyu ba za ku yi rigima ba, 'ya'yanku ake ji.

Dillalin_RunjinSambo:
Ni dai kada a yi saurin binne na Mabera. In takardu suka fito, ruwa bai kwanciya, a taya shi 13. Gida mai mutum huɗu a tsakiyar gari ba ya rasa ɗan haya ko ana yajin aiki ko ba a yi. Na Farfaru sai ya shekara bai ga sisi ba.

Hajiya_Mai_Gidaje:
Tsohon gida da tsofaffin 'yan haya? Waɗanda suka saba biyan kuɗin zamanin marigayi? Ranar da ya ce zai ƙara za su ce tun yana ɗan makaranta suke gidan. Sai dai a sa sharaɗi masu sayarwa su miƙa shi ba kowa a ciki.

Alhaji_Illela_Border:
Ni da ni ne, ɗaki huɗu zan yi ba shago. Layin bayan Farfaru bai cika ba tukuna, wa zai kama shago inda ba mutane?

Injiniya_Bello_Way:
Ya danganta da layin. Ticha, turo mini hoton takardar safiyo da faɗin hanyar ta akwatin sirri, in ga ko shagon zai shiga ba tare da an matse wurin sokawe ba. Ranar Asabar ina da aiki a Bado, in ka samu sarari mu tsaya a wurin.

Ticha_Farfaru:
To Injiniya, bayan la'asar in sha Allah. Hajiya, littafin nan naki, ana iya ganin yadda kika tsara shafin? Ki rufe sunayen.

Hajiya_Mai_Gidaje:
Sai jikan nawa ya dawo islamiyya, ni ban iya tura hoto ba.